Jiminun Jan Zare

Me Sanda zai rasa da ya isar da saƙon kawunsa tun ranar farko, lokacin da jimina ɗaya tak ce ta faɗi? Shekara goma sha ɗaya ina juya wannan tambaya, a bakin murhu da kan tabarmar salla, ban samu amsarta ba. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Zainabu ta zauna ta rubuta yadda na faɗa. In kin ga ina kuka, Malama, ajiye alƙalamin ki jira ni, zan dawo kan maganar.

Ni Dije ce, 'yar Illela, aure ya kawo ni Dogarawa. Mijina, Allah ya ji ƙansa, ba zan kama sunansa ba, ban kama ba yana raye. Malam nake ce masa. Mutane kuwa daga Konni har Malbaza Mai Jimina suke kiransa, domin ubansa ya yi kiwon jimina tun zamanin da ake neman gashinta, shi ma a cikinsu ya tashi, daga baya ya yi shekaru yana kula da jiminun wani attajiri a Konni. Sanda ɗan yayarsa ne, Yaya Habsu, kuma a gidanmu ya yi rabin ƙuruciyarsa. Ya daɗe a Libiya, ya iya Larabci, har ya zama shugaban ma'aikata a gonar wani Balarabe mai kiwon jimina. Shi ya aiko mana cewa ana neman tsoho masanin jimina, da mace mai natsuwa da za ta riƙa haɗa musu abinci. Damina biyu a jere ta bar mu da rumbu wayam. Muka tafi.

A Agadas muka fara sanin mun bar gida. Kwana tara muna jiran mota a wani gida mai cike da baƙin da ba ma jin yarensu. Nan wani mutum mai farin rawani, bakinsa ba ya rabuwa da salati, ya sayar mana da jarkar ruwa huɗu, kowace an ɗinke ta cikin buhu, wai don ruwan ya yi sanyi. Sai da muka yi kwana biyu a sahara na taɓa ƙasan kayanmu na ji danshi. Biyu daga ciki fasassu ne, buhun ne ya rufe tsagar. Na ɗora hannu a ka. Malam ya duba ya ce, “To, Dije, aƙalla motar ta sha.” Na ce masa wannan ba wurin wasa ba ne. Ya ce, “In ban yi wasa nan ba, ina zan yi?”

Wani mutumin Gana da ke zaune a ƙafafunmu ya ga abin da ya faru. Ba ya jin Hausa, ba ma jin nasa. Daga ranar, safe da yamma, sai ya cika murfin jarkarsa ya miƙo mini, ya sake cikawa ya miƙa wa Malam, bai taɓa kallon fuskarmu ba don kada mu ji kunya. A Dirku muka cika ruwa, amma bai daina ba sai da ya ga mun sha namu a gabansa. A garin farko bayan iyaka ya sauka. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

A Sabha Sanda ya tare mu. Ya durƙusa a tsakiyar tasha, cikin ƙura da man mota, ya riƙe ƙafar kawunsa yana hawaye. “Kawu, kun sha hanya. Inna, sannu, sannu.” Ya saya mana takalma da bargo. Na ce a raina, Yaya Habsu ta haifi ɗa.

Gonar tana nesa da gari, tsakanin itatuwan dabino da yashi. Jiminu sun fi ƙarfin ƙirgata, manya da ƙanana da masu ƙwai. Da Malam ya gan su ya tsaya kamar wanda ya tarar da danginsa. Ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro da ubansa ya koya masa, sai ga wuyaye sun miƙe gaba ɗaya suna dubansa. Ma'aikata suka yi ta dariya. Kafin mako ya cika sun daina dariyar, domin namijin da ya taɓa karya wa wani haƙarƙari da shuri, Malam na shiga ya kama wuyansa ya zura masa hannun tsohuwar riga a kai, sai ya tsaya cik kamar tunkiya.

Ni kuwa kewa ta kama ni. Abincinsu taliya da burodi, babu gero ko na magani. Na zo da ƙullin kuka da daddawa da kanwa, ina tsimin su kamar zinariya. Wani lokaci ina tsaye ina aiki sai in ji kamar ƙugin motocin siminti na Malbaza da ke wucewa bayan gidanmu, waɗanda na yi shekaru ina tsine musu don suna firgita mini kaji. Sai in juya, ba komai sai iska.

Aikina yana hannun wata likitar dabbobi, Dakta Huda, 'yar Masar, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu. Ta zo gonar ne don wani bincike da za ta kai wa malamanta. Akwai wani gari mai launin toka, mai warin tsatsa, da mai gona yake so ya san ko yana ƙara wa jimina lafiya da ƙiba. Ta ware garke huɗu na matasan jiminu, ta ɗaura musu zare a ƙafa. Masu farin zare ba a sa musu garin. Masu shuɗi cokali ɗaya a bokitin abinci, masu rawaya biyu, masu ja huɗu. Ta ce ta fi son wadda ba ta karatu, domin mai karatu yakan ce ya sani, ni kuwa zan bi zare in bi cokali. Sanda ne ya fassara mini, ni da ita muka yi dariya.

Duk bayan mako biyu Malam yana kama su ɗaya bayan ɗaya, ita tana zuƙar jini a ƙarƙashin fiffike, ta jera 'yan kwalabe a akwatin ƙanƙara, a kai gari. Na tambaya me take nema a jinin. Sanda ya ce, wai hanta tana da wasu ruwaye nata da take aiki da su. In tana lafiya suna zaune a cikinta. In ta ji ciwo sai su zubo cikin jini, a auna a ga sun yi yawa. Da haka za a san ko garin yana gyara hanta ko yana ɓata ta. Malam ya ce, “Ashe ita ma hanta take dubawa. Mu sai an yanka muke gani.” Daga ranar ya ɗauke ta da girma. Ita ma in ta zo da safe sai ta ce masa “Baba”, kalmarmu guda da ta iya.

Wajen mako na biyar, da hantsi, Malam ya kira ni cikin garken masu jan zare. Yana tsugune da tsinke a hannu.

“Dije, zo ki gani.”

“Kashin tsuntsu ka kira ni kallo da tsufana?”

“Dubi ruwan da ke tare da shi. Hwari ya kamata shi zama. Wanga kore ne.”

Na duba, kore ne kamar ruwan rama. Jiminun suna tsaye a gefe, wuya a sake, gashi a hargitse. Kwana biyu bayan haka ɗaya ta faɗi ta karye, aka yanka ta don ma'aikata, likita tana gari ranar. Malam ya ciro hantar ya ɗora a tafinsa. Ta yi fari-fari, ta kumbura, yatsa yana nutsewa cikinta kamar dambu.

Ya ce, “Daga gobe kar ki sa ma na ja garin nan.”

Na ce, “Malam, ba namu ba ne.”

“Awo, ba namu ba ne. Amana ce. Shi ya sa.”

A nan muka yi kuskure, ba zan ɓoye ba. Mu a wurinmu, makiyayi in ya ga abin da ke cutar dabba, janye shi yake yi, ko dabbar ta sarki ce. Ba mu san cewa a wurin masu bincike cutar ma amsa ce da suke jira ba. Amma Malam bai yi abin a ɓoye ba. A wannan yinin ya kira Sanda, ya nuna masa hantar, ya ce, “Ka tahi ka gaya ma likita cokali huɗu na kashe su. Na tsaida shi. In tana da magana ta kira ni.”

Da idona na ga Sanda ya shiga buro, wato ofishin da likita take. Ta taga na hango shi yana magana, tana gyaɗa kai, har da murmushi. Ya fito ya ce, “Ta ce ka yi yadda ka gani, Kawu, kai ne babba. Garin da ya rage, Inna ta riƙa ba ni in maida sito.” Kowace Juma'a ina juye rabon masu jan zare a leda in ba shi. Har yau ban san me ya gaya mata a wannan ɗakin ba, ban kuma san inda ya kai garin ba.

Masu jan zare suka farfaɗo. Koren ya tafi, suka koma gudu suna juyi da fiffike a buɗe. Masu rawaya kuwa, da suke ci gaba da cin cokali biyu, suka ɗan yi sanyi. Aka ɗebi jini sau biyu, sau uku. Wata rana Dakta Huda ta dawo daga gari da gudunta, takarda a hannu, ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Ta nuna mini wasu layuka a takardar, ta ɗaga jan zare tana sumbatarsa. Sanda ya ce, “Wai hantar masu ja ta hi ta kowa lahiya.” Na ce alhamdulillahi. Mun ɗauka murnar da take yi ta shawarar Malam ce. Mai gona ya zo da kansa, ya ba Malam sabuwar jallabiya. Malam ya sa ta ya yi ta zagaya ɗakinmu yana cewa, “Dije, dubi angonki.” Na ce, “Angon da ba haƙori.” Wannan ce dariyarmu ta ƙarshe mai daɗi.

Ita a saninta, jiminun da suka fi kowa cin garin su ne suka fi kowa lafiya. Haka ta rubuta, haka ta aika wa malamanta, haka ta gaya wa mai gona. Shi kuwa ya sa aka kawo garin mota guda, ya ce a ba dukan gona cokali huɗu, har 'yan tsaki da masu ƙwai. Aka ɗauke haɗin daga hannuna aka ba inji.

Malam ya ɗebi abincin ya sansana, ya nemi Sanda.

“Mi ke nan?”

“Sabo ne, Kawu. Ta gyara shi saboda maganarka.”

“Hancina bai tsuhwa ba, Sanda. Shi ne.”

“Buhun ne iri ɗaya. Ka kwantar da hankalinka.”

Bai kwantar ba. Ya je wurin likita da kansa, Sanda a tsakiya. Ya nuna abincin, ya dafa cikinsa ta gefen dama, ya kwantar da kai kamar mai mutuwa. Sanda ya yi dogon Larabci. Ta yi dariya, ta dafa kafaɗar Malam ta ce, “Baba, Baba,” ta ɗaga babban yatsa. Muka fito. Malam ya ce mini, “Wataƙila sun san abin da ban sani ba. Su ke da karatu.”

'Yan tsakin ne suka fara. Da safe a kwashe su a baro. Daga nan masu ƙwai suka daina ƙwai, manya suka fara zubewa. Malam bai ƙara cin abincin kirki ba, yana yawo daga garke zuwa garke yana ɗaga wuyayensu yana ɗura musu ruwa. Wani babban namiji da yake kira Sarkin Konni ya mutu kansa a cinyarsa. Ban taɓa ganin mijina yana kuka ba, ko ranar da muka rufe ɗanmu, sai ranar.

Mai gona ya tara mu a gaban buro da tsakar rana. Ya yi ta ihu. Ya nuna Malam. Malam ya miƙe tsaye cikin natsuwa ya faɗi komai: koren ruwa, hantar da ya gani, ranar da ya tsai da garin, saƙon da ya aika. Ya ce, “Sanda, hwaɗa mishi duka, kar ka rage.” Sanda ya fassara, idonsa a ƙasa. Na ga fuskar likita ta canja, ta dubi Malam kamar ta ga maciji. Aka aika ɗakinmu aka birkita kayanmu, aka fito da ƙullin kanwata da kukata aka zube a gaban mutane. Ina cewa ta miya ce, ta miya ce, ba mai ji. Aka kama Malam aka rufe shi a ɗakin ajiyar buhuna, ɗakin siminti marar taga, ga lokacin sanyi.

Mai gadin ƙofa wani tsoho ne ɗan Cadi, Abakar, wanda ya taɓa zama a Diffa yana jin Hausa kaɗan. Tun zuwanmu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Kwana uku ina zaune a ƙofar ɗakin nan, sai ya kawo mini shayi ya tsuguna nesa kaɗan.

“Hajiya, mijinki ya faɗi haka da gaske?”

“Ya faɗi me?”

“Yaron ya ce tsoho ya amsa laifi. Wai tun zuwansa yana zuba maganin gida a ruwan tsuntsaye, don yana baƙin cikin a ce mace ta fi shi sani.”

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na faɗa masa abin da Malam ya faɗa da bakinsa. Tsohon ya ce, “La'ilaha illallahu. Tashi mu je.”

Ya bar ƙofarsa, abin da zai iya jawo masa kora, ya kai ni wurin Dakta Huda. Na faɗa, yana fassarawa a hankali. Da na zo wurin ranar da muka daina sa garin, ta ɗauko littafinta tana juya shafuka, tana bin kwanaki da yatsa. Ta tambaya sau uku, “Ko cokali ɗaya?” Na ce ko ƙwaya. Ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta rufe fuska. Ta gane. Masu jan zaren da ta yi alfahari da su, abinci tsura suke ci. Garin ne ya kashe gonar, kuma da hannunta ta rubuta cewa a ba su.

Ta kama hannuwana biyu tana kuka tana magana. Abakar ya ce, “Wai takardarta ta riga ta tafi, malamanta sun karɓa. Amma gobe za ta gaya wa mai gona gaskiya. Ta rantse.”

Washegari aka buɗe Malam. Na ce Allah ya yi mata albarka. Sai da Abakar ya zo yana kauce wa idona na san yadda aka yi. Ta ce wa mai gona tsoho ne, jahilci ne ba mugunta ba, a sake shi ya tafi ƙasarsu. Ta kuma ce a dakatar da garin tukuna, wai jiminun sun yi rauni. Ba ta ce Malam ya yi gaskiya ba. Ba ta ce ya aiko da gargaɗi ba. Ta fitar da jikinsa daga ɗakin, ta bar sunansa a kulle. Ta aiko mini da bargo da ƙwayoyin tari ta hannun Abakar, ita ba ta fito ba. Na ɗauki maganin don Malam na tari. Bargon na bar shi a bakin ƙofarta.

Sanda ne aka sa ya kai mu tashar Sabha. Tafiyar tana da nisa. Malam yana baya yana tari, kwana huɗun da ya yi a kan siminti sun shiga ƙirjinsa. Da muka isa Sanda ya sauko da kayanmu, ya tsaya yana wasa da makullin mota.

Malam ya ce, “Sanda, dube ni.”

Bai duba ba.

“Ni na riƙe ka ranar kaciyarka. Ka ciji hannuna, ga tabon.”

“Kawu, da na hwaɗi gaskiya ni za a ruhe. Ina da mata da ɗiya huɗu a garin nan. Kai tsoho ne, na san ba za su daɗe da kai ba.”

Ni na kasa haƙuri. Na ce, “To ranar hwarko hwa? Ranar da kawunka ya nuna maka hanta, wa zai ruhe ka?”

Sanda ya ciro wani abu daga aljihu zai sa a hannun Malam. Malam ya maida hannunsa cikin riga. Sanda ya shiga mota ya tafi. Ban sake ganinsa ba. An ce da ɗan gari akan ci gari, mu da ɗan ɗakinmu aka ci mu.

Komowa ta fi zuwa wuya. Motar a buɗe take, sanyi da safe kamar wuƙa, rana kuma ta gasa mu. Malam yana jingine a jikina, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zarto. Wasu samarin Tawa da ke komawa gida suka matsa suka yi masa wurin miƙe ƙafa, ɗayansu ya cire rawaninsa ya yi masa inuwa yini guda. Ya daina cin komai sai ruwan dabino da nake jiƙa masa. A Dirku, da la'asar, a inuwar motar, ya cika. Mutanen da ba su san shi ba suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka rufe shi a bayan gari. Wani direba ya kafa tsohuwar taya a kan kabarin don in gane wurin in na dawo. Ina zan dawo?

Na iso Dogarawa ni kaɗai, na tarar labari ya riga ni ta waya. An ce Mai Jimina ya zuba wa jiminun Balarabe guba, ɗan yayarsa ne ya yi ta roƙo har aka sake shi. Masu zuwa gaisuwa suna cewa “Allah ya gafarta masa” da wata irin murya da na san ma'anarta. Attajirin Konni da Malam ya yi wa kiwo shekara da shekaru bai aiko ko da gaisuwa ba. A kasuwar Malbaza na ji da kunnena wani mahauci yana tsokanar abokinsa, “Kar ka yi mini irin ta Mai Jimina.” Mutumin da bai taɓa kwana da dabbar wani tana jin ƙishi ba, shi ya zama abin misalin cin amana.

Yaya Habsu ta zo ta zauna da ni duk kwanakin takaba. Idonta ya riga ya tafi, sai an ja ta. Ita take lallaɓa ƙwarya ta dama mini fura, ta ce, “Sha, Dije. Ƙanena ya yi abin kunya, amma mun gode Allah da Sanda na wurin. Da ba don yaron nan ba, da a kurkuku zai mutu.” Sai in karɓa in sha. Duk lokacin da Sanda ya kira ta a waya, sai ta sa a jawo ta gidana ta gaya mini yana gaishe ni. Shi ne hasken da ya rage mata. Shekara goma sha ɗaya ina amsa wannan gaisuwa. 'Ya'yana mata sun tambaye ni, “Inna, da gaske Baba ya yi?” Na ce musu ubanku mutumin kirki ne, ban ƙara ba. Na ga yadda suka dubi juna.

Sanda ya ci amanarmu, likita ta ci. Amma akwai ranakun da na fi jin haushin Malam kansa, Allah ya yafe mini, domin shi ya ɗaure mini baki ya tafi ya bar ni da ɗaurin. Da daminar bana aka rufe Yaya Habsu, ta tafi tana sa wa ɗanta albarka. Na jira aka yi sadakar arba'in, sannan na kira ki. Ki rubuta, a karanta wa 'ya'yana, a karanta a Konni da Malbaza: Mai Jimina bai zuba guba ba. Ya ga ciwo ya janye, ya aika a faɗa, ba a faɗa ba.

A inuwar motar nan a Dirku, kansa yana kan cinyata, na ce masa ya yi ƙoƙari mu isa gida, in tsaya a ƙofar masallacin Juma'a in tona Sanda kowa ya ji. Ya buɗe ido. Ya nemi hannuna ya riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Sai da na sunkuya na kai kunnena bakinsa sannan na ji.

“Dije, Yaya Habsu ita ta goye ni. In ta ji, ba ta da ɗa kuma. Ki bari sai ta tahi. Sunana na iya jira.”